Kwana Uku a Inda Ake Ƙera Tukwanen Matsi

Jiya da daddare na dawo, har yanzu ƙarar guduma ba ta bar kunnena ba. Daga wurin aiki aka tura ni in shaida gwajin tankin iskar kwamfaresa da muka ba da a ƙera mana. Hanya dai barci na sha.

Tun a bakin ƙofa aka fara. Maigadi ya kalli ƙafata ya ce ba mai shiga sai da takalmi mai ƙarfe a baki. Gaskiya ya faɗa, amma sai ka ce kama ni ya yi da kayan sata. Na kusa awa guda a rana kafin wani dattijo, sufeton walda, ya aro mini takalmi da hular kwano, ya ce, "Biyo ni, ɗana." Kwana ukun nan duk a bayansa na yi su.

A wajenmu ƙarfe ƙarfe ne, kauri kawai muke tambaya. Baba ya share ƙura a kan wani faranti ya nuna mini hatimi: SA-516, daraja ta 70. Da shi ake yin yawancin tankunan iska da na tururi, har da namu. Na kusa da shi mai sheƙi, mara tsatsa ne, lamba 316, na masu haɗa magunguna da sinadarai, domin gishiri ba ya saurin cin sa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mai kashi 9 cikin 100 na nikel, na tankunan iskar gas da aka mayar ruwa. Iskar gas da ake haƙowa daga ƙasa ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 162 ƙasa da sifili, a nan kuwa ƙarfe na yau da kullum tsagewa yake yi kamar gilashi. Na ɗauka zafi kaɗai ne abokin gabar ƙarfe. Ya kuma nuna mini guntun bangon irin tukunyar da matatun mai ke sarrafa mai da haidurojin a ciki. Na ɗora hannu, kaurinsa ya kai taƙi.

Da muka tsaya gaban namu tankin sai ya ce, "Wace walda ka fi tsoro, mai zagaye ko mai bin tsawo?" Na ce mai zagaye. Ya yi dariya. Ashe mai bin tsawo ninki biyu take ɗauka na ƙarfin da ke kan ɗayar. Shi ya sa manyan rumbunan gas a matatu suke kamar ƙwallo: matsin ya rabu daidai ko'ina, rabin kaurin ma ya isa, sai dai ƙera su wahala.

Ni kuwa da saƙon maigida na zo, in nemi ragi. Na ce, "Baba, a bar ɗaukar hoton X-ray na waldar nan mana, ai ga ta sumul." Bai ce uffan ba. Ya ɗaga fim ɗin wani aikin ya kara a fitila, ya nuna mini ɗigo baƙi kamar kan allura, wato rami a cikin waldar da ido ba ya gani. Sannan ya ba ni labarin tukunyar tururin da ta fashe a masana'antar takalma a Brockton ta Amurka a 1905, mutum 58 suka mutu. Irin wannan ne ya sa ƙungiyar injiniyoyi ta ASME ta tsara ƙa'idarta ta 1914, wadda sabbin bugunta ke kan teburinsa. Ban ƙara maganar ragi ba.

Ranar gwaji aka cika tankin da ruwa taf. Zai yi aiki a kan matsin bar 10, aka tura shi zuwa 13, muna kallon allurar ma'auni, ko gezau. Na tambayi dalilin ruwa. Ya ce ruwa ba ya matsuwa, in walda ta buɗe tsartuwa kawai zai yi, iska kuwa bam ce. Na yi shiru, domin mu da iska da ruwan sabulu muke neman yoyo, muna tsugune a gindin tanki.

Rana ta uku fenti ne da sa hannu a takardu. An buga farantin shaida, ƙugiya ta ɗora tankin a tirela. Na mayar wa Baba takalminsa, maigadi ko kallona bai yi ba.

A hanya na tuna da bawul ɗin kariya na tsohon tankinmu, wanda mai fenti ya shafe gaba ɗaya bara. Gobe da safe shi zan fara kwancewa.