Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sufeton da ya ce ina ɓata wa yara lokaci

Makon jiya mun tsaya inda aka tura ni ƙauye koyarwa, lokacin da shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, ya kwashe mu daga kwalejin horon malamai tun gemu bai fito ba. Kayana a ranar: akwatin ƙarfe, tabarma, fitilar ƙwai, sai wani tsohon ƙamus na Turanci da na saya wajen masu gwanjon littattafai a Sabon Garin Kano. Bangonsa ya cire, Inna ce ta ɗinke min shi da zaren buhu. Abin da ya sa na ƙi rabuwa da shi, bayan ya faɗi ma'anar kalma sai ya ƙara da ƙananan haruffa ya nuna harshen da ta fito.

Baffa ne ya sa min wannan ciwon, Allah Ya jiƙansa. Shi da bai taɓa zama a benci ba, kullum cewa yake, "Kalma baƙuwa ce, ka tambaye ta garinsu kafin ka ba ta masauki." A kan Larabci yake faɗa wa almajiransa, ni kuwa na ɗauka na kai wa Turanci.

Hutun farko da na dawo gida, na zauna gefen buzunsa bayan la'asar na ce, "Baffa, kun san sugar ɗin Bature sukkar ne na Larabawa?" Ya ce in ci gaba. Na kawo cotton daga ƙuɗun, na kawo magazine daga makhazin, wato rumbunan ajiya, na kawo zero da ta taso daga sifr ta bi ta Italiya, ita ce dai sifirinmu. Da na zo kan algebra, na gaya masa sunan littafin Al-Khawarizmi ne, malamin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9, har sunan malamin kansa Turawa suka lanƙwasa ya zama algorithm. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Wadda ta sa ya ajiye carbi ita ce alcohol. Asalinta al-kuhl, kwallin da Gwaggo ke rambaɗawa a ido. A Turai aka fara kiran duk wani gari mai laushi da sunan, daga baya ya koma kan abin da aka tace daga giya. Baffa ya yi salati ya ce, "To ka gani, ba su tambaye ta garinsu ba."

Yanzu ga maganar sufeton. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa na nan da ransu, wasu ma muna gaisawa. Ya shigo ajina ina tare da 'yan aji shida, na rubuta cow da beef a allo, na rubuta sheep da mutton. Ina yi musu bayanin cewa a 1066 William na Normandi, wani yanki a Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada. Talakan da ke kiwo ya ci gaba da kiran dabbarsa da tsohon sunanta, naman da ake kai wa masu sarauta kuwa ya ɗauki sunan Faransanci. Yaran nan rabinsu 'ya'yan makiyaya ne, nan take suka gane, har wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe can ma mai kiwo daban, mai ci daban." Ajin ya ɗauki dariya. Sufeto bai yi ba. A gaban yaran ya ɗaga ƙamus ɗina da yatsu biyu ya ce, "Malam, tatsuniya aka ɗauke ka yi ko manhaja?" Ya rubuta a rahoto cewa ina ɓata wa yara lokaci. Rahoton nan ya bi ni cikin fayil, abokan da muka fito tare suka sami ƙarin girma, ni ina nan. Yaya Babba ya ce in bi shi gida in ba shi haƙuri. Haƙurin me? Ban je ba, kuma har gobe ba na nadama.

Na tuna shi sosai a 2013, bayan na yi ritaya, da wani tsohon ɗalibina ya kawo min takardar Farfesa Paul Newman, masanin harshen Hausa, a kan kalmar boko. Shi sufeton nan, a taron malamai, ya sha bugun ƙirji yana cewa boko daga book ta fito, wai mu ko sunan karatun ma aro muka yi. Newman ya nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin da ba na gaske ba, algus ko yaudara, kamar yadda ake cewa amaryar boko a biki. Ƙamus ɗin Hausa na Bargery na 1934 ma ya kawo wannan ma'anar. Kalmar gidansu ce, bai tambaye ta garinsu ba, ya ba Ingila ita kyauta. Na so a ce yana raye in kai masa takardar har zaure.

Shekarun da na yi a makarantu biyu na gaba ba ni da abin faɗa a kansu, koyarwa ce da jiran albashi. Abu ɗaya na riƙe: lokacin wani yajin aiki, shugabanninmu suna ta cewa a yi boycott, na gaya musu sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ailan, wanda manoma suka ƙaurace wa a 1880 har ya rasa mai girbe masa amfanin gona. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, kai dai ba ka gajiya." Shi aƙalla da dariya ya faɗa.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan shiga maganar aurena na fari da rigimar gonar Baffa, wadda wasu a gidanmu suke so in tsallake.