Omija ba zoɓo ba ne

Ɗan shagon shayi gare ni a unguwar Itaewon, nan Seoul babban birnin Koriya ta Kudu, gangaren babban masallacin nan da aka buɗe a 1976, kuma in zafi ya shigo ba abin da ke fita a wajena kamar omija-cha, wato shayin omija. Omija wasu 'ya'yan itace ne ƙanana jajaye jawur, sunan ma nufinsa ɗanɗano biyar: zaƙi, tsami, ɗaci, yaji da gishiri-gishiri, duk a ƙwaya ɗaya.

Ranar farko da na sayo busasshe a kasuwar masu magani ta Gyeongdong, ina ganin jan nan na ce ai zoɓo ne, na zuba a tukunya na bar shi ya yi ta tafasa, wallahi ɗaci ko maɗaci albarka, kilo guda ya tafi kwata. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙo, ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce ba a kai omija wuta. Ruwan sanyi ake jiƙa shi ya kwana, da safe a tace a sa zuma. In ana son ƙawa a yanka fiyar Koriya (mai kama da tuffa) a kai da ƙwayar bishiyar fain, shi suke kira hwachae.

Watan Satumba kuwa ɗanye nake odar sa daga garin Mungyeong, can ne cibiyar nomansa, in cakuɗa da suga awo ɗaya-ɗaya a tulun gilashi, sai ya yi wajen kwana 100 kafin in buɗe. Kuɗinka na kwance kana kallo, ga haya ba ta jira, nan ne wahalar sana'ar.

Su 'yan Koriya a maganinsu na gargajiya kowane ɗanɗano da gaɓarsa, tsami na hanta, ɗaci na zuciya, yaji na huhu, gishiri na ƙoda, zaƙi na saifa. Yana ma cikin Donguibogam, littafin likitan fada Heo Jun da aka buga a 1613, ana ba mai tari da mai yawan ƙishirwa da zufa. Ni dai ba na ce wa kwastoma zai warke, shayi nake sayarwa.

Da sanyi ya kama sai ciniki ya koma daechu-cha, shayin wani ɗan itace da suke kira daechu, wanda shi kam tafasawa ake sosai. 'Yan uwanmu in sun fito daga Juma'a suka kurɓa, sai ka ji an ce "Malam, ai wannan magarya ce!" Kuma ba su yi ƙarya ba, dangi ɗaya ne, ta nan ɗin dai ta fi girma da tsoka.