Abin da Ronda ta koya mini a aikin shirin tarihi

Mai haɗa shirin tarihi a rediyo kullum lokaci ne ke yi masa kaɗan. Duk garin da ya ɗauko, dole ya tsinci kaɗan ya bar saura. Ronda, tsohon gari a kan dutse a lardin Malaga da ke kudancin Sifaniya, ita ta sa na fara lura cewa waɗanda nake karanta rubutunsu su ma tsinta suka yi, kuma kowa nasa ya tsinta.

Ɗauki takardar da ake miƙa wa 'yan yawon buɗe ido. Abu na farko gada ce, Puente Nuevo, wadda ta haɗa ɓangarori biyu na garin a kan kwazazzabon da kogin Guadalevin ya haƙa. An fara ta a 1759, aka gama a 1793, tsayinta mita 98. Daga nan sai filin wasan bijimai na 1785 da gwarzonsa Pedro Romero, haifaffen garin a 1754, wanda ake cewa ya kashe bijimai sama da 5,000 ba tare da ya ji mummunan rauni ba. Wasan ya ɗan yi kama da hawan ƙaho na mahauta, sai dai a can da takobi ake ƙarasa dabbar. In takardar ta ilimi ce, za ta ƙara da Francisco Giner de los Rios, wanda aka haifa a garin a 1839, ya kafa makarantar da ta sauya tsarin karantarwa a Sifaniya a 1876.

To buɗe littattafan tarihin malamai na Larabci, sai ka rantse wani gari ne daban. A nan babban ɗan gari shi ne Ibn Abbad ar-Rundi. An haife shi a 1333, ya ƙetara Maroko yana yaro don neman ilimi, ya zama limami kuma mai huɗuba a masallacin Ƙarawiyyin na Fas har ya rasu a 1390. Wanda ya karanta Hikam na Ibn Ata'illah da sharhi a zauren malami, da wuya sunan ya zame masa baƙo, don shi ma ya yi wa littafin sharhi. Akwai kuma Abul Baƙa'i ar-Rundi, mai waƙar makokin Andalus, wato Sifaniyar zamanin mulkin Musulmi, bayan faɗuwar Ƙurɗuba a 1236 da Ishbiliya a 1248. Babu bijimi ko ɗaya a waɗannan shafuka, kamar yadda takardar 'yan yawo ba ta cika damuwa da mai sharhin Hikam ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa dai ya san wa yake yi wa magana.

Inda aikin ya fi ba ni wuya shi ne Abbas bn Firnas. An haife shi a yankin Ronda wajen shekarar 810, ya rayu a Ƙurɗuba, ya rasu a 887. Masu saurare na son a ce musu shi ne ya fara tashi sama, a rufe zance. Amma cikakken labarin fukafukan da ya ɗaura, da yadda ya faɗo ya bugu a baya don bai yi wa kansa jela ba, a wurin masanin tarihi al-Maƙƙari aka fi samunsa, mutumin da ya rasu a 1632. Tsakaninsu shekara sama da 700 ke nan. Abin da ke ƙarfafa labarin shi ne baitin wani mawaƙin zamaninsa, Mumin bn Sa'id, wanda ya ambaci tashin nasa. A nan na koyi faɗa wa mai sauraro wa ya ba da labari, kuma yaushe. Hakan bai rage wa Ibn Firnas komai ba, ga sunansa a kan wani rami a duniyar wata da wata gada a Ƙurɗuba.

Gine-ginen ma sai an bi su a hankali. Akwai wani gida a bakin kwazazzabon da ake kira gidan sarkin Musulmi, alhali a ƙarni na 18 aka gina shi, bayan mulkin Musulmi ya daɗe da shuɗewa, lambunsa kuwa na 1912 ne. Abin da yake na asali yana ƙarƙashinsa: matakala sama da 200 da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarni na 14, tana gangarawa har bakin kogi don gari ya sami ruwa in an yi masa ƙawanya. Wurin duhu ne da danshi, bango na tsattsafo, haske sai ta 'yan kafofi. Fursunonin yaƙi Kiristoci ne ke jeruwa a kanta suna miƙa salkunan ruwa hannu da hannu zuwa sama. A watan Mayu na 1485, da dakarun Kiristoci na Sarki Fernando suka yi wa garin zobe, suka tare hanyar ruwan, cikin 'yan kwanaki Ronda ta miƙa wuya. Babban masallacin ya koma cocin Santa Maria, inda har yau ake ganin bakan mihrabi da adon farar ƙasa. Hasumiyar wani ƙaramin masallaci kuma ta zama wurin rataya ƙararrawa, daga baya cocin ta rushe, hasumiyar na nan tsaye.

A kan matakalar nan muka yi ja-in-ja da wani abokin aikina da ya girme ni. Ya ce: "Kai Malam, mutane na jiran jin yadda aka raba Musulmi da garinsu, kai kuma ka kawo musu zancen fursunoni?" Na ce masa, Yaya, in muka faɗi mihrabin da ke cikin coci muka ɓoye masu ɗaukar salka, mu ma takardar 'yan yawo muka rubuta, bambancin kawai namu muka tsinta. Ya yi shiru, sannan ya ce to a rage zancen gadar, tunda ita kowa zai gani a intanet. Haka aka yi, Pedro Romero ma jimla biyu ya samu.