Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Darasin Kuɗin Gida a Kulliya

Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya mun tsaya a shigata shekara ta biyu a kulliya, sashen tattalin gida. Yau zan ajiye labarin kaina a gefe, in kawo muku abin da ke cikin darasin da ya fi kowane nauyi a wannan zangon, wato tafiyar da kuɗin iyali. Zan yi shi ne da riyal da halala (halala ɗari ne riyal ɗaya), a kan irin gidajenmu na Shara Mansur da Hindawiyya a Makka, da waɗanda muke da su a da a Karantina da Sabil a Jidda.

Aikin farko da ake ba ɗaliba shi ne ta rubuta duk abin da ya fita daga gida na wata guda cif, ba tare da an canza komai a yadda aka saba kashewa ba. Ana haɗa abu uku: littafin hannu, rasit ɗin baƙala (kantin unguwa), da saƙon da banki ke turowa duk lokacin da aka goga katin banki na mada. Wurin da aikin ke lalacewa sananne ne. Ana rubuta buhun shinkafa da katan ɗin kaji, a manta da burodi da ruwan sha da katin waya, alhali su ne ke fita kullum. Ko kuma mutan gida su fara tsimi saboda sun ga ana rubutu, lissafin ya fito ƙarya. Mai cin bashi a littafin mai baƙala kuwa, sai ya rubuta kayan a ranar da aka karɓo su, domin in ya jira ranar biya, cefanen wata biyu zai taru a wata ɗaya. Kada kuma a zaɓi Ramadan ko Zulhajji don wannan gwaji.

Bayan nan sai a raba kashe-kashen gida uku: na kullum, na wata, na shekara. Na ukun shi ne zuciyar darasin. Magidanci a ƙasar nan ba kasafai cefane ke jefa shi bashi ba. Abin da ke kayar da shi manyan kuɗaɗe ne da ke zuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, waɗanda an san ranarsu tun da wuri amma ba a raba su a kan watanni ba.

Ga misali irin wanda ake bayarwa a aji, alƙaluman na koyo ne, kowa ya sa nasa. Magidanci mai iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, yana karɓar riyal 6,000 a wata, yana da mata da 'ya'ya biyu a ƙarƙashinsa. Hayar gidansa 18,000 ce a shekara, ana biya kashi biyu, 9,000 duk wata shida. Sai kuɗin iyali da gwamnati ke karɓa daga baƙi, wanda aka fara a watan Yulin 2017 a kan riyal 100 duk mutum a wata, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, har ya tsaya a 400 daga Yulin 2020. Mutum uku ke nan, 1,200 a wata, 14,400 a shekara. Kuɗin iƙamar ma'aikaci da na izinin aikinsa doka ta ɗora wa mai kamfani, amma wannan na iyali daga aljihun magidanci yake fita. A sa 3,600 na ƙarin cefanen azumi da kayan sallah biyu da layya, 1,800 na komawa makaranta, da wani 1,800 na inshorar mota da gwajinta da sabunta takardu. Jimla 39,600. A raba gida goma sha biyu, ya ba da 3,300.

To kun gani. Albashin da wannan bawan Allah ke iya taɓawa a wata 2,700 ne. Daga ciki zai ci, ya biya wuta da ruwa da gas, ya sha mai, ya aika gida. Idan ya tsara rayuwarsa a kan 6,000, wata biyar zai yi yana jin daɗi, a na shida mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Sanin lissafin kaɗai ba ya hana komai, sai an raba kuɗin a zahiri. A buɗe asusu na biyu wanda ba a yawo da katinsa, a tura 3,300 ɗin a ranar da albashi ya shiga, kafin a sayi ko tumatir. Ma'aikatan gwamnati ana biyansu ne ranar 27 ga watan miladiyya, kamfanoni kuwa kowa da ranarsa, don haka a ɗaure umarnin turawa da ranar da kuɗin ke shiga da gaske. Wanda ba shi da asusu ya yi ambulan biyar, ɗaya ga kowanne cikin kuɗaɗen shekarar nan biyar, ya rubuta suna a bayan kowace. Matsalar shekarar farko ita ce ba daga farko ake farawa ba. In saura wata uku a biya haya, 9,000 za a raba uku, wato 3,000 a wata. Zagayen farko yana da zafi, sai an wuce shi abin ke daidaita.

Akwai wani ɓoyayyen abu da ya shafi kalanda. Shekarar hijira kwana 354 ce, ta miladiyya 365. A tsofaffin unguwanni har yanzu akwai masu gida da ke ƙirga haya da watan Musulunci, albashi kuma yana zuwa da na miladiyya. Duk shekara ranar biya tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya. Hayar 18,000 a wannan tsarin tana cin kusan riyal 1,547 a watan albashi, ba 1,500 ba. Haka azumi da sallah suke matsowa. Kafin a sa hannu a duba da wace kalanda aka rubuta yarjejeniya, a kuma nemi a yi mata rajista a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, saboda ranakun biya da adadinsu su zauna a rubuce.

Da yawa daga cikinmu ba albashi ke riƙe da su ba, mausimi ne, wato lokacin cunkoson Umra da Hajji: aikin otal, ɗaukar alhazai, tura keken marasa ƙarfi, sayar da abinci da kayan tsaraba. Kuɗi ya yi ambaliya a Ramadan da Hajji, Muharram da Safar a zauna shiru. Irin wannan gida zai haɗa duk abin da ya samu bara, ya rage kashi ɗaya cikin goma don shekara ba ta maimaita kanta, ya raba sauran goma sha biyu. Abin da ya fito shi ne albashin da zai riƙa biyan kansa. Ribar mausimi kuma a fara fitar da hayar shekara daga cikinta tun tana da ɗumi.

Wuta ma a lissafin shekara ya kamata ta zauna. Tun Janairun 2018 farashin gidaje halala 18 ne a kan kowane kilowat na awa ɗaya har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na taga mai ƙarfin sanyi BTU 18,000 yana jan kusan kilowat 2. In injinsa ya yi awa 12 kullum, wata guda ya sha 720, wato kusan riyal 130, da haraji ya doshi 150. Ɗaki uku a zafin Makka, an kai 450 kafin a kunna firiji. A haɗa fatura, wato takardar kuɗin wuta, ta wata goma sha biyu a raba, a riƙa ware wannan adadin har a lokacin sanyi. Wanke matatar mukayyif duk mako biyu da toshe ramukan da ke gefensa suna rage lokacin da injin ke gudu.

Harajin kaya kuwa ya fara a kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma 15 a Yulin 2020. Mai son sanin farashin asali ya raba da 1.15: kayan riyal 230, asalinsa 200 ne, haraji 30. Hayar gidan zama ba ta cikinsa.

Sai bashi, inda aka fi daɗewa a aji, kuma ya cancanta. Babban Bankin Saudiyya ya hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi 33.33 na albashinsa don biyan bashi, ɗan fansho kashi 25, kuma bashin buƙatun kai ba ya wuce wata 60. Wannan iyaka ce ta doka, ba shawara ba ce. Magidancinmu doka ta yarda a cire masa 2,000, sai dai mun riga mun ga 2,700 ne a hannunsa, ke nan 700 zai rage masa ya ci da iyali.

A kula da yadda ake faɗin riba. In aka ce kashi 4 a shekara a kan riyal 30,000 na shekara biyar, ana nufin 1,200 sau biyar, 6,000. Za a biya 36,000, wato 600 a wata. Amma ribar ana ɗora ta ne a kan dukan 30,000 har ƙarshe, alhali duk wata bashin yana raguwa. In aka auna da abin da ya rage a wuyan mutum, ainihin tsadar ta haura kashi 7 a shekara. Dole ne banki ya rubuta wannan adadi na biyu a takardar yarjejeniya, kuma da shi ake gwada banki da banki. Sunan ciniki, murabaha ne ko tawarruƙ, magana ce ta fiƙihu da ke da muhallinta, amma lissafin abin da zai fita daga aljihu haka yake. Wanda ya samu hali ya biya da wuri, abin da za a ɗora masa ba ya wuce ribar wata uku masu zuwa.

Sayen kaya ta waya a biya sau huɗu shi ma bashi ne, ko da ba riba. Haɗarinsa a tarawa yake: takalmi 75, turare 120, waya 400, kowanne da ranarsa, sai a wayi gari kusan 600 na fita a wata ba a rubuta shi ko'ina ba. Jinkirin biya yana iya shiga rajistar SIMAH, wadda masu ba da bashi ke dubawa kafin su amince da mutum. Ni a ganina gida ɗaya kada ya riƙe irin wannan ciniki fiye da ɗaya a lokaci guda.

Adashi, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira jam'iyya, littattafan aji ba su cika ba shi haƙƙinsa ba, kuma shi ne ke riƙe da gidaje da yawa. Mutum goma, 500 kowa, kwasa 5,000. Amfaninsa yana ga zaɓen layi: a nemi kwasar ta faɗo wata ɗaya kafin haya ko sabunta iƙamar yara. Inda yake rushewa shi ne wanda ya kwasa da wuri ya rasa aiki ko ya bar ƙasar. Saboda haka sabon shiga da wanda zamansa bai tabbata ba su koma ƙarshen layi, uwar adashi ta rubuta sunaye da ranaku, zubin mutum kuma kada ya wuce abin da zai iya biya a watansa mafi muni.

Mata kuma sai zinare. Mai sayen sarƙa tana biyan abu uku: nauyin zinaren, kuɗin ƙira, da harajin kashi 15. Ranar sayarwa nauyin kawai ake auna mata. In ado ake so, to. In ajiya ce, ɗanyen zinare mai tsarkin kashi 99 zuwa sama ba a ɗora masa wannan haraji, kuɗin ƙirarsa ma kaɗan ne. A riƙe rasit mai nauyi da karat a jiki. Ajiyar da ta kai nisabi, giram 85 na zinare ko 595 na azurfa, ta kuma shekara a hannu, ana fitar mata da zakka kashi 2.5. Kayan adon da ake sawa malamai sun saɓa a kansu, kowa ya tambayi malaminsa.

Aike gida a yanke shi da riyal. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take hawa da sauka. Wanda ya yi alkawarin adadin naira bai san nawa zai fita daga albashinsa ba. A ce wa Inna ko Yaya riyal kaza ne duk wata, a rana kaza, ta banki ko wurin aike mai lasisi. A ware wani ɗan kaso daban na rasuwa da asibiti da biki, don kiran tsakar dare kada ya faɗa kan kuɗin haya.

Abu na ƙarshe a zangon shi ne kuɗin sallama daga aiki, wanda mutane ke gina buri a kansa ba su lissafa ba. Dokar ƙwadago ta ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan, bisa albashin ƙarshe. Mai 6,000 da ya yi shekara takwas yana da 15,000 da 18,000, jimla 33,000, in kamfani ne ya sallame shi. In shi ya ajiye aikin da kansa, tsakanin shekara biyar da goma kashi biyu cikin uku zai samu, wato 22,000. Tsakanin shekara biyu da biyar kashi ɗaya cikin uku ne, ƙasa da biyu babu komai, sai ya cika goma yake karɓa duka. Mai shekara tara da rabi da ke shirin komawa gida ya zauna ya buga wannan lissafin kafin ya miƙa takarda.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zangon da aka tura mu aikin gwaji a gidajen mutane, da yadda ake tsara cefanen wata tsakanin kasuwar sari da baƙalar unguwa.