Abin da ido ke kira tsabta

Aikin manna haruffan sitika a jikin gilashi, allon ƙarfe ko ƙofar mota yana da wani hali da ya daɗe yana wahalar da ni kafin in gane shi, wato kuskurensa ba ya fitowa a ranar da aka yi shi. Mutum zai gama manna rubutu, ya ja da baya ya duba, ya ga komai ya zauna daram, sai bayan kwana huɗu ko mako guda bakin wani harafi ya fara ɗagowa, ƙura ta samu hanyar shiga ƙarƙashinsa, daga nan kuma babu sauran gyara sai ɓarewa.

Hakan ta faru da ni a aikin farko da maigidana ya bar ni in yi ni kaɗai, wanda rubutu ne na layi uku a ƙofar gilashi. Na fesa ruwan goge gilashi, na bi da tsumma har ƙofar tana walƙiya, sannan na manna. Da aka kira mu bayan mako guda, ƙananan haruffan layin ƙasa sun naɗe baki kamar busasshen ganye. Maigidana bai yi faɗa ba. Ya tsoma yatsunsa a ruwa ya yarfa a gefen da ban manna komai ba, ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, sai ya ce, “Ka gani, yaro? Da gilashin nan ya fita, da ruwan shimfiɗewa zai yi.” Ashe wasu ruwan goge gilashi da man da ake shafa wa mota don ta yi sheƙi suna barin wani siririn maiƙo da ido ba ya kamawa, kuma a kan wannan maiƙon gam ɗin ya zauna, bai taɓa gilashin ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan sana'a na ga inda kimar tasa ta gaza. Tun daga ranar nake fara wankewa da ruwa da sabulu, in bar wurin ya bushe, sannan in bi da sifirit nau'in isopropyl mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 da ƙyalle marar gashi, kuma ba na sake ɗora tafin hannu a wurin, domin maiƙon fatar mutum ma ya isa ya ɓata aiki.

Na kuma daɗe ina ɗaukar gam ɗin sitika kamar sauran gam, wanda ake shafawa a jira ya bushe. Wannan ba ya bushewa, dannawa ce take sa shi kamawa, kuma ko an danna shi yadda ya kamata ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24 zuwa 72. Shi ya sa katin robar da ake dannewa da shi ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a wurina. Ana karkata shi, a fara daga tsakiya a nufi gefe, kowane ja ya hau kan rabin wanda ya gabace shi, don kada a bar wa iska wurin ɓuya. Idan aka zo cire tef ɗin saman da ke riƙe da haruffan, kwantar da shi ake yi a ja shi baya a hankali yana bin jikin gilashin, domin wanda ya fizge shi sama zai taso da haruffan da ya gama wahalar dannewa. Zafi da sanyi ma suna da ta cewa. Ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Selshiyos gam ɗin yana taurarewa ya ƙi kamawa, a kan ƙarfen da rana ta gasa kuwa yana cafkewa tun kafin a daidaita shi, ledar da aka yanka haruffan da ita kuma ta yi laushi ta miƙe, harafi ya fita a karkace.

Batun daidaita layi bai ba ni wahala sosai ba, da zarar na koyi auna wurin in kafe zanen da tef ta gefen sama, in ɗaga shi kamar murfi, in ɓare takardar baya, sannan in sauke shi sannu a hankali. Akwai masu fesa ruwa da ɗigon sabulu kafin su manna don su samu damar gyara zama, kuma dabarar tana da amfani a babban zane, amma ni ba na son ta a ƙananan haruffa, saboda jiran da ake yi kafin ruwan ya fita ya fi ƙarfin haƙurin yawancinmu.

Wani abin da na koya a makare shi ne cewa santsi kaɗai ba ya nuna wuri zai karɓi sitika. Robar da ake yin jarkoki da wasu bokitai da ita tana da santsi ƙwarai, amma gam na yau da kullum ba ya kama ta da kyau, haka nan sabon fenti yana ci gaba da fitar da tururin sinadaransa bayan ya bushe a hannu, idan aka rufe shi da wuri sai ƙuraje su taso a ƙarƙashin ledar. Ita kanta ledar iri biyu ce. Wadda aka zuba a narke siririya ce, kaurinta kusan milimita 0.05, tana bin lanƙwasar jikin mota ba tare da gardama ba. Wadda aka murza tsakanin naɗaɗɗun ƙarafa ta fi kauri da araha, amma tana ƙanƙancewa da daɗewa, ta bar baƙin zobe na gam da ƙura a kewayen harafi.

Ƙurajen iska kuwa, a da da reza nake tsaga su, tsagar ta buɗe daga baya ta zama tabo. Yanzu manyan kawai nake hudawa da allura a gefe ɗaya, in tura iskar da babban yatsa zuwa ramin, ƙananan kuma in bar su, domin galibinsu suna kwantawa da kansu bayan 'yan kwanaki a rana.