Inda na kai da farautar tashoshin nesa

'Yan'uwa masu koyon rediyon sha'awa (wato hira da juna ta na'urar rediyo), ga inda aka kwana a wannan watan.

Har yanzu eriyata waya ce zalla mai tsawon kusan mita 10, rabi nan rabi can, ɗaure tsakanin darbejiya da tankin ruwa, don zangon mita 20. Abokan cikin gari kullum cewa suke muryata na fita tar. To, na kusa ba ya faɗa maka gaskiyar eriyarka, ko a ƙasa ka shimfiɗa ta zai ji ka. Sai ka kira Barazil ko Japan aibinta ke fitowa. Da na ɗaga tsakiyarta da doguwar gora, tashoshin Italiya da Sifen da a da ba sa ko kula ni suka fara amsawa. Amfanin neman nesa ke nan a wurina: shi ke tilasta maka gyara.

Yana kuma koya maka sanin lokaci. Siginar tana dukan wani sashe na sararin sama ne ta dawo ƙasa, rana ce kuma ke sarrafa shi. Iyayenmu masu kama BBC a gajeren zango sun san haka tuntuni: mita 16 da rana, mita 49 da dare. Gab da magariba hanya kan buɗe ta inda ba ka zata ba. Ƙarfin rana yana hawa da sauka duk shekara 11, ya kai ƙololuwa wajen 2024.

Babban maƙiyina shi ne ƙarar inbata da janaretocin maƙwabta. Da an ɗauke wuta sai in koma batir da sauri, domin kafin a tayar da injuna zango yana yin tsit, muryoyin da ke binne su fito.

Na gwada FT8, tsarin da Joe Taylor da abokin aikinsa suka fitar a 2017, inda kwamfuta ke musayar saƙo duk daƙiƙa 15. Yana cika littafin da kake rubuta tashoshin da ka samu, yana kusantar da kai ga ƙasashe 100 da sai ka tuntuɓe su ake ba ka takardar shaidar da ake kira DXCC, amma ni dai ban ji daɗinsa kamar murya ba.

Ku sani mu ma nemanmu ake. Mu da lambar kiranmu ta rediyo ke farawa da 5N (Najeriya) ko 5U (Nijar) ba mu da yawa, kana faɗin lambarka Turawa za su yi maka caa. Ɗauki haruffa biyu da ka ji sosai a lambar ɗaya daga cikinsu, ka amsa wa mai su kaɗai, sauran su jira.

Wata mai zuwa zan yanka sabuwar waya, kusan mita 7, in gwada zangon mita 15 da la'asar.