Saƙon godiya bayan kare kundina a Yamai

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, ranar Asabar na kare kundina na digiri na biyu a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Abdou Moumouni, kuma malaman da suka zauna a kansa sun amince da aikin. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya-ɗaya, ku yi mini uzuri.

Masu tsokanata da cewa me nake dafawa a labo har dare, ga amsarku. Amilaz ne, sinadarin da ke cikin yawun bakinmu da tsiron gero, mai farfasa sitaci ya koma sukari. Shi ke sa kunu ya tsinke ya yi zaƙi. Masana'antu na sayensa da tsada, kuma da zarar ya narke cikin ruwa ba ya kamuwa, sai dai a sayi wani. Mu sai muka ɗaure shi a jikin ƙwayoyin magnetit, wani baƙin garin ƙarfe da maganaɗisu ke ja, waɗanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Don samun ƙwayoyin, ana haɗa gishirin ƙarfe iri biyu a zuba amoniya, nan take ruwan ya yi baƙi ƙirin. A lulluɓe ƙwayoyin, sannan wani sinadari mai suna glutaraldehid ya riƙe amilaz ɗin a jikinsu. Idan ya gama aiki sai a kara maganaɗisu a jikin kwalba, ka ga baƙin garin ya taru gefe guda, ruwa ya yi garau, a tsiyaye a zuba sabon sitaci. Ƙarfin amilaz ɗin kan ragu a hankali, amma a ganina ko haka ya fi a zubar. Ɗaure irin waɗannan sinadarai tsohuwar dabara ce, tun 1916 wasu masana biyu, Nelson da Griffin, suka gwada ta da gawayi.

Malam, kai da ka duba aikin nan shafi-shafi da jan biro, Allah ya saka da alheri. Baba mai kula da labo, ban manta zafin Afrilu ba, da wuta ta ɗauke firji ya mutu, ka fita da kanka ka sayo ƙanƙara ka jera kwalabena cikin kula. Ba don kai ba da zafi ya lalata komi. Yaya, na gode da hayewa gadar Kennedy da ni bisa moto kullum safiya.

Inna, geron da kika tsirar a Tahoua kika aiko a mota, daga cikinsa na tatso amilaz ɗin gwajin farko. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Babanmu.

Ƙannena na sashen da ke son kwafin kundin, ku same ni a labo ranar Litinin.